Sashen gefe ya sulale ƙasa? Kada ku fara da CSS

Ƙannena masu koyon haɗa shafi da WordPress, akwai matsalar da kusan kowa ke cin karo da ita. Sashen gefe, inda ake jera akwatin bincike da sabbin rubuce-rubuce, yana nan daram a shafin farko, amma da an buɗe wani rukuni sai a neme shi a rasa, ko a tarar ya sulale can ƙasa.

Da abin ya same ni, kan CSS na faɗa, wato lambobin da ke tsara kamannin shafi. In rage faɗi, in ƙara faɗi, na cika style.css da !important har shafin farkon ma ya karkace, ciwon kuwa yana nan. Ashe WordPress ba da fayil ɗaya yake fito da shafuka ba. Rubutu guda aikin single.php ne, shafi tsayayye na page.php, rukuni kuma category.php, in babu shi sai archive.php, in nan ma babu, index.php. Duk wanda ba a kira get_sidebar(), layin da ke jawo sashen gefe, a cikinsa ba, ko kwana kuka yi kuna gyara, sashen gefe ba zai leƙo ba. Layin nan ɗaya ne babu a archive.php ɗina.

Sulalewa ƙasa kuwa sau da yawa div ce, wato alamar HTML mai yin akwati, aka buɗe ba a rufe ba, musamman in an kwafo rubutu daga wani wuri. Sai sashen gefe ya shige cikin akwatin rubutun, ya rasa gurbinsa. Ku danna F12 a burauza, ku duba a cikin wa yake zaune, sannan ku gwada da shafin da ke lafiya.

Wautar da ta fi ƙona mini rai ita ce gyaran da na yi kai tsaye a cikin ainihin jigon (theme), wato tarin fayilolin da ke tsara shafin. Sabuntawa ɗaya ta share komai. Ku ƙirƙiri ɗan jigo (child theme), wato ƙaramin jigo mai gadon ainihin jigon, ku kwafi fayil ɗin zuwa can, ku yi gyaranku a ciki. Kuma ku goge ajiyar wucin gadi (cache) kafin ku ce gyara bai ci ba, don burauza na iya nuna muku shafin jiya.

In jigonku irin na bulok ne, waɗanda suka zo da WordPress 5.9 a 2022, ba za ku ga waɗannan fayilolin ba. A editan shafi za ku buɗe samfurin kowane sashe, ku saka sashen gefen da hannu.