Mai tonon takardun majalisa

A unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Ghana, "mai takarda" ake ce mini. Shago ɗaya ne ofishin nawa, da kwamfuta biyu, da na'urar kwafi, da yara biyu da nake biya a wata. Sana'armu ita ce nemo wa mutane abin da aka faɗa a majalisa kafin a kafa wata doka. Lauyoyi sun fi sakin hannu. Ɗaliban Jami'ar Ghana da ke Legon sun fi yawa, su kuma kullum ragi suke roƙo.

Yawanci a PRAAD nake yini, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Castle Road. Can ake samun bayanan zaman majalisar dokoki ta zamanin Turawa, wadda aka kafa a 1850. Hansard, wato rubutaccen bayanin muhawarar majalisa, na bayan 'yanci kuwa nakan bi shi har laburaren Balme na jami'ar Legon. Tsohuwar takarda ba ta son gaggawa, ka ja ta da ƙarfi ta ɓalle a hannunka, shi ya sa sabon yaro sai ya yi wata yana kallo kafin in bar shi ya taɓa.

Aikin da ya fi tsaya mini a rai ba na lauya ba ne. Wani dattijo ne ya taso takanas daga Kumasi, ya ce, "Ɗana, so nake in ga yadda aka kori Alhaji Amadu Baba." A 1957 gwamnatin Nkrumah ta ba da umarnin fitar da shi daga ƙasa tare da Alhaji Usman Lardan, dukansu jigogin jam'iyyar Muslim Association Party. Suka kai ƙara kotu cewa su 'yan ƙasa ne. Ana cikin shari'ar majalisa ta yi doka ta musamman ɗauke da sunayensu su biyu, magana ta mutu. Dokar kanta 'yar gajeruwa ce, a muhawarar ne ake ganin wanda ya miƙe da abin da ya fito daga bakinsa. Na zauna ina fassara masa da Hausa layi-layi har la'asar. Ya ce in maimaita sunayen, na ce, "To, Baba." Kuɗin kwafi kawai na karɓa.

Masu ba ni wahala su ne masu neman muhawarar dokokin PNDC, wato gwamnatin mulkin soja ta Rawlings. Daga ƙarshen 1981 zuwa Janairun 1993 babu majalisa, balle Hansard. In na faɗi haka wasu sukan ɗauka ƙyuya ce, sai in miƙa musu kuɗin kafin alƙalaminsu.