Kafin ka ce "tabbas": abin da digiri na biyu kan sauyin yanayi ya koya min

Gaskiya da zafina na shiga digiri na biyu a fannin kimiyyar yanayi da manufofin muhalli. Abin da ke raina lokacin shi ne in tara hujjoji in cika jaka, duk wanda ya ce min sauyin yanayi zancen banza ne in zazzage masa su har ya yi shiru. A tunanina matsalar duk ta rashin sani ce, da zarar mutane sun ga lambobin shikenan kowa zai gyara. Shekara biyu na yi a ciki, kuma babban abin da na fito da shi shi ne auna magana kafin in sake ta.

A samista ta biyu aka ba mu bayanan wata tashar auna yanayi, zafin kowace rana na kusan shekara 40, aka ce kowa ya je ya duba ko akwai canji. Na zuba su a Python, wato harshen da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi, na fitar da matsakaicin kowace shekara, na ja layi, sai ga layi ya miƙe sama sosai, ɗumamar da ta ninka duk abin da na taɓa karantawa. Wallahi daren nan da ƙyar na yi barci don ɗoki. Da safe na kai wa sufabaizana, ya kalli takardar bai fi minti ɗaya ba ya ɗago ya ce, "Ka buɗe fayil ɗin ka kalle shi da idonka kuwa?" Na ce, "Malam, ai kwamfuta ta karanta shi duka." Ya ce in koma in buɗe in bi shi layi layi.

Da na buɗe sai na ga abin da ya faru. Duk ranar da ba a yi awo ba, masu ajiye bayanan sun rubuta -99.9 a wurin, alamar cewa babu komai, ni kuma na bar kwamfuta ta ɗauke shi a matsayin ainihin zafin wannan rana. Kuma yawancin giɓin a shekarun farko yake, to ka ga ya ja matsakaicin shekarun can ƙasa, ya sa na baya-bayan nan suka zama kamar wuta. Bayan na cire su, na kuma gano a takardar tarihin tashar cewa an taɓa sauya mata wuri, wanda shi ma sai an yi masa gyara don na'urar da ta koma wani gefe ba lallai ta ba ka irin awon da ta saba ba. Da aka gama duk wannan ɗumamar tana nan fa, ba ta ɓace ba, sai dai ta dawo daidai girmanta. Abin da ya tsaya min a rai har yau shi ne, da a ce layin ƙasa ya yi, da a daren zan zauna in tona fayil ɗin har sai na ga inda matsala take, amma da yake ya zo daidai da abin da nake so in gani ban ko yi tunanin dubawa ba. Tun daga ranar, sakamakon da ya fi faranta min rai shi nake fi tsananta wa bincike.

Wani abu kuma da ya ɗan wahalar da ni, mu a Hausa kalma ɗaya muke da ita, yanayi, ko zafin yau kake nufi ko halin wuri na tsawon zamani. A karatun nan abu biyu ne daban. Hukumar kula da yanayi ta duniya shekara 30 take ɗauka kafin ta ce ga yadda wuri ya saba, yanzu ana amfani da 1991 zuwa 2020. Shi ya sa in wani ya ce min bana an yi sanyi, ina ɗumamar da kuke faɗa, ko ya ce bana an yi ambaliya ai sauyin yanayi ne, su biyun amsa ɗaya nake fara ba su, shekara ɗaya ba ta isa ba. Akwai hanyar lissafa yadda ɗumama ta ƙara yiwuwar wani bala'i guda, amma aiki ne mai zaman kansa, ba a baki ake yanke shi ba.

Abin da ya ƙara kwantar min da zafin kai shi ne tarihin fannin kansa. Tun 1896 Svante Arrhenius ɗan ƙasar Suwidin ya zauna da alƙalami da takarda ya lissafa cewa in iskar CO2, wato iskar da ke fita in an ƙona kwal da fetur da gas, ta ninka a sararin sama duniya za ta ɗumama. A 1958 Charles Keeling ya fara aunata a Mauna Loa da ke Hawai, lokacin tana wajen kashi 315 cikin miliyan, yanzu ta haura 420, alhali kafin zamanin masana'antu wajen 280 ce. In ka kalli zanen awon za ka ga yana hawa yana ɗan sauka kowace shekara kamar haƙoran zarto, wato tsirran arewacin duniya ne suke zuƙe iskar lokacin da suka yi ganye, su sake ta in ganyen ya zube, amma gaba ɗaya layin sama yake tafiya. Duk da wannan, dubi yadda kwamitin IPCC, wato kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai tantance binciken sauyin yanayi da aka kafa a 1988, ya riƙa taka maganarsa a hankali. A rahoton 1995 iyakar abin da suka ce shi ne rinjayen hujjoji na nuna akwai hannun ɗan Adam. A 2001 suka ce mai yiwuwa ne yawancin ɗumamar daga gare mu take, a 2007 suka ɗaga tabbacin ya haura kashi 90 cikin ɗari, a 2013 ya haura 95, sai a 2021 suka fito suka ce babu sauran tantama. Shekara 26 kenan tsakanin maganar farko da ta ƙarshe. Da ina ganin wannan kamar tsoro ne ko jan ƙafa, daga baya na fahimci shi ne ya sa maganar tasu take da nauyi, don duk matakin da suka hau sai da hujja ta kai su. Kuma kalmomin nan ba a son rai ake sa su ba, kowace da awonta, wadda ke nufin mai yiwuwa daga kashi 66 zuwa sama take, wadda ta fi ta ƙarfi daga 90.

Rashin tabbas ɗin ma na koyi ba abin ɓoyewa ba ne. In CO2 ta ninka, zafi nawa zai ƙaru? Rahoton Jule Charney na 1979 ya ce tsakanin maki 1.5 zuwa 4.5 a ma'aunin Salshiyas, aka shafe shekara arba'in ana ta fama kafin rahoton 2021 ya matse shi zuwa 2.5 zuwa 4, tare da cewa 3 ya fi kusa. Yawancin wahalar daga gajimare take, don wani gajimaren yana mayar da hasken rana ya sanyaya ƙasa, wani kuma yana riƙe zafi kamar bargo, kuma samfurin kwamfuta, wato shirin da ke kwaikwayon yanayi, da ke raba duniya gida-gida masu faɗin kilomita da yawa ba ya iya ganin kowane gajimare shi kaɗai. Wasu suna ɗaukar wannan giɓi su ce to tunda ba ku tabbatar ba a jira tukunna. Ni a wurina akasin haka ne, giɓin baki biyu gare shi, yadda zai iya zuwa da sauƙi haka zai iya zuwa da muni.

To duk wannan ɓangaren kimiyya ne, kuma a nan nake jin daɗi. Ɓangaren manufofi shi ya fi girgiza ni. A wata lakca ta tattalin arziki aka ba mu aiki mai sauƙi, a ce za a yi asarar dala 100 nan da shekara 100, nawa ya kamata a kashe yau don a kauce mata? In ka yi amfani da ragin kashi 1.4 a shekara, wato yadda kake rage darajar kuɗin gaba in ka gwada shi da na yau, kusan abin da masanin tattalin arziki Nicholas Stern ya yi amfani da shi a rahotonsa na 2006, amsar wajen dala 25 ce. In ka sa kashi 5, ba ta ko kai dala ɗaya ba. William Nordhaus, wanda ya samu kyautar Nobel a 2018, ragin da ya fi na Stern yawa ya zaɓa, shi ya sa shawararsa ta fi karkata ga a bi a hankali. Su biyun sun yarda da kimiyyar fa, ba musun ɗumama suke ba. Inda suka rabu shi ne darajar da za ka ba wa jikan da ba a haifa ba tukunna in ka gwada shi da wanda ke raye yau, kuma wannan tambaya ce ta adalci da aka cusa cikin lamba ɗaya ƙarama wadda mai karatu zai iya wucewa bai ko lura ba. Ranar na fita ajin jikina a sanyaye. Tun daga nan in aka miƙo min rahoto, kafin in je ga sakamako sai na nemi shafin da aka jera zato-zaton da aka gina lissafin a kai.

Sai kuma tambayar da kusan duk ɗalibi ke yi, me ya sa aka iya magance matsalar ozon, wato iskar da ke can sama tana kare mu daga hasken rana mai cutarwa, amma ta sauyin yanayi ta gagara? An sanar da gano ɓular ozon a saman Antaktika a 1985, a 1987 aka sa hannu kan yarjejeniyar Montreal, kuma ta yi aiki. Amma sinadaran CFC da ke cinye ozon ɗin kamfanoni ƙalilan ke yin su, an samu madadinsu, an ba ƙasashe masu tasowa ƙarin wa'adi an kuma kafa musu asusu. Kwal da fetur da gas kuwa su ke riƙe da lantarki da sufuri da siminti da ƙarfe, wato jijiyar tattalin arzikin kowa. Shi ya sa yarjejeniyar rage hayaƙi ta Kyoto ta 1997 ta sha wahala, Amurka ba ta amince da ita a hukumance ba, Kanada kuma ta sanar da ficewa a 2011. Masu zaman teburin nan sun san kimiyyar sarai, rigimar ta wa zai biya ce kuma yaushe.

Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan maganar ba haka abin yake ba, kuma wannan yana ci min rai sosai. Ƙananan ƙasashen tsibirai da hayaƙinsu bai taka kara ya karya ba su teku ke neman cinyewa. Tun 1991 Vanuatu, ɗaya daga cikinsu, ta kawo shawara a madadinsu cewa a kafa wani tsari na biyan asarar da hawan teku zai jawo, sai a 2022 a taron Sharm el-Sheikh na Masar aka amince a kafa asusun asara da ɓarna. Shekara 31. Haka alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara da ƙasashe masu arziki suka yi wa ƙasashe masu tasowa a Copenhagen a 2009, wanda ya kamata ya cika a 2020, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta ce sai a 2022 aka kai, kuma kaso mai yawa na kuɗin bashi ne.

A nan ne na ga cewa nauyin kalmar da na koya a ɗakin kwamfuta shi ne dai a zauren taro. Ranar 12 ga Disambar 2015, ana dab da amincewa da yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi, sai tawagar Amurka ta lura a sashe na 4 an rubuta kalmar da ke nufin dole ƙasashe masu arziki su ja gaba wajen rage hayaƙi, alhali abin da suka yarda da shi kalmar da ke nufin ya kamata ce. Da an bar ta farkon, da wataƙila sai an kai yarjejeniyar gaban majalisar dattawansu inda ba a sa ran za ta tsallake. Aka tsaya cak, daga ƙarshe aka sanar cewa kuskuren bugawa ne aka gyara, shugaban taron Laurent Fabius ya buga guduma alamar an amince. Mun yi kwaikwayon irin wannan zama a aji, kowa aka ba shi ƙasa ya wakilta, muka shafe awa uku a kan sakin layi ɗaya, kuma ni da aka ba ƙasa mai sayar da fetur na ji da kaina yadda yake da wuya ka yarda da kalmar da za ta taɓa albashin malamai da magungunan asibitocin ƙasarka, ko da ka san gaskiya na wajen wanda ke gabanka.

Aikin ƙarshe kafin kare kundi shi ne a mayar da bincikenka takardar shawara mai shafi biyu, wadda mai yanke hukunci zai karanta cikin minti biyar. Wannan ya fi rubuta kundin duka wahala a wurina. Rubutun farko na cika shi da "wataƙila" da "akwai yiwuwar" har babu abin da mutum zai kama, Malam ya dawo min da shi ya ce wanda zai karanta wannan gobe zai sa hannu a kasafi, ko na taimake shi ko ban taimake shi ba. Na biyun kuma na share duk wani kokwanto don ya yi ƙarfi, ya zagaye "tabbas" guda huɗu da jan biro, a gefen kowace ya rubuta, nawa cikin ɗari? A na uku na raba shi gida uku, abin da muke da ƙarfin gwiwa a kai, abin da har yanzu samfuran kwamfuta suka saɓa a kai, sai matakan da za su yi amfani ko ta wane ɓangare abin ya faɗa, irin su ƙara tashoshin awo da tsarin gargaɗi da wuri. Ya karanta har ƙarshe bai ɗauki biron ba, ya miƙo min ya ce in kai a buga. "Tabbas" guda ɗaya ce ta rage a cikin shafi biyun, a jimlar da ta ce zafin yana ƙaruwa.