Accar da ba sai an rege ba

A Jos ba a rasa acca a kasuwa. Ki shiga Katako ko ki sauka Bukuru, za ki same ta a buhu da mudu, an kawo daga ƙauyukan Riyom da Barikin Ladi da Bassa. Amma ki zagaya gidajen Unguwar Rogo ko Rikkos ki tambayi yaushe rabon da a ɗora tukunyar faten acca, da yawa za su ce miki an kwana biyu. Kowa na son ta, yashi ne ya shiga tsakani.

Ƙwayar acca ƙarama ce ƙwarai, dubu ɗaya nauyinsu wajen rabin giram ne, kusan girmanta ɗaya da ƙwayar yashi. A ƙasa ake sussuke ta, a turmi ake surfa ta, wasu ma har ɗan yashi suke zubawa a turmin don ƙaiƙayin ya saki da wuri. Rariya ba ta raba su, tunda ramin da acca za ta bi, yashi ma zai bi. Sai dai rege. Matar da za ta kai yara makaranta ta wuce wurin aiki kuwa ba ta da lokacin zama gaban baho tana juya ƙwarya, shi ya sa taliya da Indomie suka ci gidan.

A nan sana'ata ta samo asali. Ban ƙirƙiro sabon abinci ba, kakanninmu sun ci acca tun kafin a haƙa kuza a Filato. Wahalar da ke jikinta na cire, na sa mata kuɗi. Rege kuwa a hannun kakata na koya, kuma har yau ban ga abin da ya kai hannun gwana tsaf ba. Ƙwarya biyu ake riƙewa a cikin baho cike da ruwa. A ɗebi acca, a karkata ƙwaryar kaɗan, a riƙa kaɗa ta a hankali, accar ta bi ruwa ta gangara cikin ɗayar, yashi da yake ya fi nauyi ya kwanta a gindi, baƙi-baƙi. A zubar, a sake. Mai gaggawa ba ta iya wannan aiki, don da zarar hannu ya yi sauri yashin ya taso ya bi sahu.

Da na ɗauki mata suna taya ni, sai matsalar ta zama ta yaya zan tabbatar aikin kowa ya yi ba tare da na tauna kowane baho ba. Farantin tangaran ne ya warware mana. A ɗebi cokali guda na jiƙaƙƙiyar acca a zuba, a murza da bayan cokalin ƙarfe. Idan tsabtatacciya ce shiru za ki ji, ta dame ta zama kamar ƙullu. Idan da saura ko ƙwaya ɗaya, sai kin ji ƙarar karce har cikin haƙoranki. Bahon da ya yi ƙara ruwa yake komawa, ko na wace ce, kuma kowa ta san da haka tun ranar da ta fara aiki, shi ya sa ba a jin haushi.

Shanya ta fi rege ba ni aiki. Wanda ya san Jos ya san yadda ruwan Yuli da Agusta yake, a wuni rana ba ta leƙo ba. Da hunturu kuma iska ce ke kwaso ƙura ta mayar miki da abin da kika gama cirewa. Kafinta ya haɗa mini tebura masu tsawo da raga a ƙasa, aka yi musu rumfa da farar leda mai kauri, aka bar kafar iska a gefe da gefe, ita ma da raga. Accar da ba ta bushe ƙarau ba, idan aka liƙe ta a leda, tsami take yi, wadda ta buɗe ta ji warin kuwa ba za ta sake saye ba. Sannan a lissafin farashi dole a sa raguwa: mudu goma da kika auno a kasuwa ba mudu goma zai fito daga rumfa ba, yashi da dusa da ƙaiƙayi sun tafi da rabonsu. Masu shigowa sana'ar nan da yawa a wannan wurin jarinsu yake zurarewa, suna ganin ciniki, ba sa ganin riba.

Batun girman leda na daɗe ina nazarinsa. Madarar Cowbell ta shigo Najeriya a 1993 a 'yar ƙaramar leda, lokacin da madarar gari sai a gwangwani, kuma da wannan ta shiga gidan da gwangwani bai taɓa shiga ba. Mai shayi da mai tebur suka zama dillalanta. Na ɗauki darasin, na yi rabin kilo don iyali, na kuma yi ƙarama wadda za ta yi kunun mutum biyu. Ƙaramar ribarta ba ta taka kara ta karya ba, amma ita ke buɗe ƙofa. Mace ba za ta zuba kuɗi mai yawa a kan alkawarin baƙuwa ba, sai ta gwada da ɗan abin da ko ya ɓaci ba zai dame ta ba. Na bar gaban ledar fili ba fenti, don mai saye ta ga hasken ƙwayar da idonta. Rubutun kuma da Hausa da Turanci: an rege, an busar, sai zubawa a tukunya. A baya na sa yadda ake fate da yadda ake kunu, domin akwai 'yan mata da yawa da aka haifa a garin nan ba su taɓa ganin an dafa ta ba.

Akwai rubutun da na ƙi sawa duk da an matsa mini. A Jos mutane da dama suna sayen acca ne don masu ciwon suga, kuma masu shago sun sha ce mini in rubuta cewa magani ce, kaya za su tashi. Acca abinci ce, hatsi ce mai sitaci, kuma dokar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ba ta yarda a rubuta wa abinci cewa yana warkar da cuta ba. Ko da babu doka, ba zan so wani dattijo ya ajiye maganin asibiti saboda ledata ba. Wata Hajiya ta taɓa riƙe hannuna a wurin walima ta ce, "'Yata, ki faɗa mini gaskiya, in ina cin wannan zan iya barin allura?" Na ce, "A'a Hajiya, ki ci da ganye da yawa, ki rage yawan tuwon, allura kuma sai abin da likitanki ya ce." Har yanzu jikarta na zuwa karɓar mata.

Talla kuwa, gani ya kori ji. Ba da allo ko rediyo na fara ba, da tukunya na fara. Duk inda mata za su taru, walimar Islamiyya ce ko suna ko taron zumuntar mata a coci, nakan nemi izini in kai kular fate mai zafi da yakuwa da alayyafo da gauta, in zuba a ƙananan kofuna. Acca na cikin abubuwan da suka haɗa mutanen Filato, Berom suna yin gwatensu da ita, mu muna yin fate da tuwo da kunu, don haka ba wanda sai na yi wa dogon bayani. Abin da nake kallo shi ne baki. Cokalin farko kowa a hankali take taunawa, tana jiran ƙaras. Idan na ga ta kai na uku ba tare da ta dakata ba, na san za ta tambayi farashi.

Daga baya na ɗauki bidiyon gwajin faranti a waya: accar kasuwa a gefe, tawa a gefe, cokali ɗaya. Ba kiɗa, ba magana, ƙarar kawai. Na sa a WhatsApp, mata suka yi ta turawa junansu, kuma wannan ɗan bidiyo ya kawo mini masu saye fiye da duk hoton leda mai kyau da na taɓa ɗauka. Watan azumi ne kakar cinikin, saboda kunun buɗa-baki, don haka tun Sha'aban nake cika shaguna.

Masu shago na unguwa sukan ce a ajiye kaya sai an sayar a biya. Na yarda da haka, amma kaɗan nake ajiyewa kuma ina zagayowa a kai a kai, don kayan da suka daɗe a kanta suna yin ƙura su ɓata suna. Manyan kantuna kuwa tambayarsu ta farko lambar NAFDAC. Sai da na yi rajistar sunan sana'a a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, na ware ɗakin aiki daban da kicin ɗin gida, ma'aikata suka yi gwajin lafiya, jami'ai suka zo suka duba wuri, aka kai samfuri ɗakin gwaji. Tsarin yana cin kuɗi da haƙuri, amma ya tilasta mini abin da ya amfane ni: lambar rukuni da ranar da aka yi kaya a kan kowace leda. Yanzu idan wata ta kira ta ce ta ji yashi, ina buɗe littafi in ga ranar, in ga daga wane buhu ne, in janye sauran, in musanya mata.

Abuja ta zo ne ta hannun 'yan Filato da ke aiki can. Mace za ta tafi da leda biyu tsaraba, maƙwabciyarta a Kubwa ko Nyanya ta ɗanɗana, sai ga kira. Da farko ɗaya-ɗaya nake bai wa direbobi a tasha, su bi ta Akwanga da Keffi su sauke. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin aike ya kusa kai kuɗin kayan, sai na koma tara oda in tura katan-katan ga wata 'yar'uwa a Mararraba, ita ta rarraba ta ɗauki kasonta. Mai saye a Abuja ba ta cika yin ciniki a kan farashi ba, amma tana son leda mai zif da za ta rufe bayan ta ɗiba, kuma tana son a amsa mata saƙo a kan lokaci. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya riga ya koya wa kowa tura kuɗi ta waya, sai dai matan ƙauye da nake saro acca a wurinsu, su kuɗi a hannu suka fi yarda da shi, don haka kullum da tsaba nake zuwa.

Garin kunun acca mai citta da kanumfari ba daga kaina ya fito ba, ɗaliban Jami'ar Jos ne suka yi ta tambayar abin da za su dama da ruwan zafi kawai kafin su fita lacca. Masu kwaikwayo ma sun fito, kuma ba na baƙin ciki da waɗanda suke regewa da gaske, kasuwar ta ishe mu. Waɗanda ke damuna su ne masu ɗura accar kasuwa a leda mai ƙyalli, domin wadda ta tauna yashi a tasu, dukanmu take yi wa kuɗin goro.

Aikin da na sa gaba yanzu a gona yake. Na saya wa wasu mata da nake saro acca a wurinsu tamfol, muka yi yarjejeniya su riƙa sussuka da shanya a kansa maimakon ƙasa, ni kuma in ƙara musu kuɗi a kan kowane mudu. Ɗaya daga cikinsu ta ce mini, "Mama, in dai za ki zo da kaka ki ɗauka, mu ma mun huta da dakon kasuwa." Accar tamfol ba ta buƙatar rege mai yawa, ruwa ya ragu, asara ta ragu, kuma bana ina son in sayi abin da zai kai ni har ƙarshen damina mai zuwa tun farashi bai tashi ba.