Lahadi a Jidda, ina bakin aiki

Shekarata ta uku kenan ina aikin nas a Jidda amma har yau jikina ya ki sabawa da Lahadin nan. Anan hutu Juma'a da Asabar ne, Lahadi ita ce farkon mako, toh ranar da a Kafanchan zan daura zanen zumunta in kama hanyar coci sai ga ni tun bakwai na safe ina auna hawan jini. Kuma ginin coci babu shi a kasar nan, duk wanda ya zo ya san da haka, sujadarka a dakinka take.

Makonnin da suka wuce kam na ji jiki. Lokacin alhazai ne, garin ya cika, dutin awa 12 wani kan wani, ka fito daga sanyin esi zafi da gumin teku su rufe ka, in na koma masauki ko Littafi Mai Tsarki na bude layi biyu nake yi barci ya dauke ni. Addu'a ma ta koma "Ubangiji ka gani" shikenan. Abin ya dame ni sosai, har na fara jin kamar na yi nisa da Yesu.

Mamana ce ta turo min sako a WhatsApp, minti shida, ta dauko matan zumunta suna waka. Ba wani dauka mai kyau ba fa, ana jin kukan jariri da babur na wucewa, amma da na ji an buga tulun nan, gora ta shigo, mai bada waka ta daga murya sauran suka amsa, sai hawaye kawai a cikin bas din ma'aikata. Na maimaita shi ya fi sau goma kafin mu iso. Saudiyya na gaban Najeriya da awa 2, shi yasa yanzu in sha daya ta yi ranar Lahadi na san can tara ce an fara sujada, in na samu dan sarari sai in sa abin kunne in tsaya a lungu in bi su a zuciya ko na minti biyar ne.

Akwai wurin nan a Ayyukan Manzanni 16 da Bulus da Sila suke kurkuku a Filibi, an yi musu duka an sa kafafunsu a turu, tsakar dare suna addu'a suna waka fursunoni na saurare. Tun ina karama na san labarin amma sai a dutin dare, karfe uku, kafa ta kumbura, na gane ashe ba sai jiki ya huta ake yabo ba.

Ran nan ina gyara wa wata tsohuwa karin ruwa, Bahaushiya ce haihuwar Jidda, ashe ina ta gunguni da bakina ban sani ba. Ta ce 'yata me kike rerawa haka. Na ce Hajiya wakar garinmu ce ta yabon Allah. Ta rike hannuna ta ce ci gaba, Allah ya yi miki albarka. Na ce amin Hajiya, na karasa baitin a hankali sannan na wuce gado na gaba.