Tarihin Rayuwata, Kashi na 27: Daɓen Banɗakin Gidanmu na Manchesta

A makon jiya na tsaya ne a inda muka karɓi makullin gidan da muka saya a Manchesta, ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen jan bulo da aka gina a jere tun ƙarni na 19, zamanin da masaƙun auduga ke tashe a garin. Abu na farko da uwargida ta nema shi ne a ɗaye tsohuwar ledar da ke shimfiɗe a banɗakin sama, a sa tayil.

Wanda bai zauna a Ingila ba zai yi mamaki idan aka ce masa daɓen saman bene a irin waɗannan gidaje ba kankare ba ne. Falankai ne aka jera aka buga a kan manyan katakai, kamar yadda azara ke ɗauke da rufin soro, kuma babu magudanar ruwa a ƙasa ko ɗaya. Saboda haka duk ruwan da ya kuɓuce, na wanka ne ko na alwala, katako ne yake shanye shi.

Da kafinta ya ɗaga ledar, sai wani warin fumfuna ya buge mu. Falankan da ke kewaye da masai sun yi baƙi ƙirin, kusoshinsu sun yi tsatsa, da ya danna bakin sukundireba sai ta shige ba tare da ya sa ƙarfi ba. Ya fito da wata ƙaramar na'ura mai tsinke biyu ya soka a wurare daban-daban, sannan ya bayyana mini cewa muddin danshin da ke cikin katako ya wuce kashi 20 cikin 100, to ruɓa ta sami wurin zama. Namu ya haura haka nesa ba kusa ba. Ya ce ko nawa zan biya shi ba zai ɗora tayil a kai ba, domin rufewar za ta kulle danshin ne a ciki, ya ci manyan katakan a ɓoye.

Mai gyaran famfo ne ya gano tushen matsalar: robar da ke haɗa masai da bututun fitar da ruwa ta tsufa ta saki, tana ɗiga kaɗan-kaɗan a duk lokacin da aka kora ruwa. Aka canza ta, aka yanke ruɓaɓɓun falankan har zuwa inda katako yake da lafiya, aka shafa wa sauran maganin ruɓa.

Jiran bushewar ne ya fi komai wuya, ga shi lokacin sanyi ne. Na kawo shawarar a kunna hita a gama da wuri, amma kafintan ya ƙi, yana mai cewa zafin gaggawa sama-sama yake busar da katako, ya kuma sa shi ya tsage ko ya lanƙwashe. A ganina ya yi gaskiya, ko da yake a lokacin ban ji daɗin maganar ba. Muka yi hayar na'urar tsotse danshi, muka haɗa da fanka, kowace safiya ina zubar da ruwan da ta tara, yara kuwa suna wanka a gidan wani ɗan uwa da ke kusa.

Sai da awon danshin ya sauko ƙasa da kashi 15 cikin 100 sannan kafintan ya shimfiɗa sabon katako mai kaurin milimita 18, ya ɗaure shi da sukurori, ya bi shi da shafen hana ruwa shiga. Yadda muka ƙare da mai sa tayil kuwa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.