In amininka zai kawo maka ziyara Ingila, ku gama magana tun yana gida

Kuskuren da na fi yin nadamarsa wajen saukar aboki a Ingila shi ne kara. Na ji nauyin tambayar kwana nawa zai yi, na ji nauyin faɗin abin da aljihuna zai iya ɗauka, sai maganar da za a gama cikin raha a waya ta koma abin da ake haɗiyewa a ɗaki ɗaya. Ƙanena, kafin amininka ya sayi tikiti ku tsayar da ranar zuwa da ta komawa, da inda zai kwana, da abin da kowa zai biya. Gaya masa hutun kwana nawa aka ba ka a wurin aiki. In mako uku zai yi, kai kuma kwana biyar ka samu, gara ya sani tun yanzu cewa sauran kwanakin shi kaɗai zai wuni, a unguwar da maƙwabci ba ya leƙowa ya ce sannu da zuwa. A ganina kwana goma zuwa mako biyu sun wadatar a ɗakin gwauro. Duba yarjejeniyar hayarka, wasu masu gida suna iyakance kwanakin baƙo, kuma in gidan haɗaka ne ka sanar da abokan zama.

Bizar baƙunci takan ba da izinin zama har wata 6. Ana iya nemanta tun saura wata 3 a tashi, amsa kuma takan ɗauki kimanin mako 3 bayan an ɗauki hoton yatsu a Abuja ko Legas. Kada ya biya kuɗin jirgi sai ta fito. Naka aikin shi ne wasiƙar gayyata: sunanka, adireshinka, matsayin zamanka a ƙasar, yadda kuka san juna, ranakun ziyarar, da nauyin da ka ɗauka. In ka rubuta cewa kai za ka ciyar da shi, haɗa da takardar albashi da bayanin asusunka na banki. Ramin da samari suka fi faɗawa shi ne tura wa aboki kuɗi masu kauri ana jibi zai ciro bayanin banki. Jami'in biza yana bin shiga da fitar kuɗin ne wata bayan wata, kuɗin da suka faɗo rana ɗaya ba bayani kuwa zargi suke jawowa. Takardar bogi tana iya sa a hana shi shiga har shekara 10. Wanda kuma ya rubuta mako biyu ya zauna wata biyar, zai sha tambaya ran da ya sake nema. Aiki ma doka ta hana a kan wannan bizar, ko na yini ɗaya ne a shagon ɗan gida.

Tsarabar da ranka ya fi so ita ce aka hana. Daga Najeriya ko Nijar ba a shiga Birtaniya da nama ko kayan nono: kilishi, dambun nama, man shanu, cuku, duk ƙwacewa ake yi. Na taɓa ba da shawarar a naɗe kilishi cikin tufafi, kuma ba zan sake ba, domin baƙon ne ke tsayawa gaban kwastan yana zufa, mai masauki yana waje. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20, zuma har kilo 2. Abin da yake shakka a kai ya bi jan layin kwastan, wato ƙofar masu kayan da za su bayyana, ya nuna. Saƙon da bai buɗe ya gani da idonsa ba kada ya karɓa, ko na wane ne. Magani ya zo a kwalinsa tare da takardar likita, musamman mai tiramadol ko kodin.

Ranar sauka ka je filin jirgin Heathrow da kanka, rigar sanyi a hannu, waya a kunne, don jami'in shige da fice yana iya kiranka. Ya riƙe adireshinka da lambarka a takarda tare da tikitin komawa. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Ingila yana bayan na Najeriya da awa ɗaya. Tanadar masa katin Oyster, na biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa a Landan, da kuɗi a ciki: bas ɗin Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi, mutum biyu ba sa shiga da kati ɗaya, katinsa na naira kuma yana iya ƙin aiki.

A daren farko ka zagaya da shi gidan, ka fara da banɗaki. Yawancin banɗakunan nan ba su da magudana a ƙasa, kuma katako ne a ƙarƙashin daɓen. Wanda ya saba tsugunawa da buta ruwa na gudu a kan siminti, haka zai yi alwala a nan ma da zuciya ɗaya. Ruwan ya bi ta gefen bango ya ɗiga a silin na ƙasa da kai, mai gida ya aiko maka da lissafi. Nuna masa ya zauna a bakin bahon wanka ƙafafu a ciki, labulen wanka ma a cikin baho. Nuna masa na'urar da ke kuka in ta ji hayaƙi: turaren wuta ko suyar albasa ba a buɗe taga ba sun isa su tashe ta, kuma kada ya cire mata batir. Nuna masa yadda ake kunna ɗumin gida da kashe shi, ka faɗa masa gaskiyar kuɗin gas. Alƙibla daga Landan kudu maso gabas take. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba su zo a jere cikin kamar awa huɗu, don haka manna masa jadawalin masallacin unguwa a bango.

Inshorar lafiya ta tafiya kada ku yi wasa da ita. Sashen gaggawa kyauta ne ga kowa, amma da zarar an ba baƙo gado ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin magani, kuma bashin asibiti na fam 500 ko fiye yana iya hana shi biza nan gaba. In zazzaɓi ya kama shi, kada ku ce murar sanyi ce. Kira 111, layin neman shawarar lafiya, ko 999 na gaggawa in jiki ya yi tsanani, ku fara da faɗin daga inda ya zo don a gwada cizon sauro.

Wajen yawo, wuri ɗaya a rana ya isa, sanyi da tafiyar ƙafa suna gajiyar da wanda bai saba ba. Manyan gidajen tarihi na Landan shiga kyauta ne. Ware kwana biyun ƙarshe don sayen tsaraba, ka sayi ƙaramin sikelin rataye ku auna jakunkuna a gida. Yawancin tikitoci kilo 23 ne ga kowace jaka, abin da ya haura kuwa a filin jirgi da fam ake biyansa.