Ƙaramar kyamarar da nake aiki da ita a Legas

Wallahi tunda na sayi Sony ZV-E10 a kasuwar Computer Village da ke Ikeja na huta da ɗaukar kaya, ba madubi a cikinta irin na wasu manyan kyamarori shi ya sa ba nauyi, cikin jaka nake sa ta in hau danfo zuwa Agege ɗaukar biki. Tana ɗaukar 4K, wato bidiyo mai fitowa tar sosai, sikirin ɗinta kuma yana juyowa gaba kana kallon kanka, har ƙanena da ya fara koyo ya iya ta cikin sati guda.

Ranar kamu kyamarar ta kama idon amarya tsaf, har zanen lallen hannunta ya fito. Amma fa ka nemi makirufo da ƙarin batir biyu, hayaniyar janareto tana cinye maganar mutane.